Shekara 19 ina tsaron shagon komik, yanzu maigida ya ce in saya

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mutumin Kumasi ne, ina zaune a Bronx cikin birnin New York. Shekarata 46, da mata da 'ya'ya uku. Shekara 19 ke nan ina aiki a shago ɗaya, inda muke sayar da littattafan labarai masu zane, wato komik, da katunan wasa irin su Pokémon da Magic, da wasannin kan tebur. Ni nake yin oda, ni nake sa farashi, ni nake shirya gasar daren Juma'a. Albashina dala 42,000 ne a shekara. Maigidan ya manyanta, ya ce zai huta, ya yi mini tayin shagon a kan dala 180,000. Ya ce kwalaye 400 na tsofaffin komik da ke ɗakin ƙasa su kaɗai sun haura rabin kuɗin. Abin da na tara dala 35,000 ne, kuma da niyyar gini a gida na tara su. 'Yan'uwa suna cewa na ƙarar da ƙuruciyata ina yaron shagon kayan wasan yara, wasu ma suna cewa caca nake taya yaɗawa. In ban saya ba, ban iya wani aiki ba. In na saya, ina tsoron in rasa komai. Ku taimaka mini da shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa nema albarka, ya raya zuri'a.

Kada ka ba maigidanka amsa a wannan watan, ko ta e ko ta a'a. Ka gode masa da ya fara tunkararka kafin kowa, ka roƙi kwana 60, ka kuma nemi takardu. Kuɗin da ya faɗa a kan kwalayen ɗakin ƙasa ya ɗora shi, alhali shago irin wannan ana yi masa kuɗi ne da abin da yake bari a hannun mai shi idan shekara ta ƙare. Kafin ka ga wannan adadi da idonka, dala 180,000 magana ce kawai ta baki.

Akwai abin da muke jin yana ƙasan ranka ko da ba ka rubuta ba. A gida, ko a kasuwar Kumasi ko a Kantin Kwari, yaron da ya yi wa maigida hidima shekara da shekaru sallamarsa ake yi, a ba shi jari ko a buɗe masa rumfa. Amurka ba ta san wannan al'ada ba. Dattijon nan shagon ne fanshonsa, dole ya nemi mafi tsadar da zai samu, kuma hakan ba cin amana ba ne. Ciniki ne, sai ka shige shi da idon ɗan kasuwa. Ka kuma sani kana da ƙarfin taya kaya. Masu neman sayen shagon komik ba su da yawa, kuma duk baƙon da ya zo, abin da zai fara tambaya shi ne ko mai yin oda da shirya gasa zai ci gaba da zama. Wani ɓangare na darajar shagon kai ne, don haka kada a sa ka biya kuɗin sunan da kai ka gina.

Mu sauka ɗakin ƙasa, tunda nan ya jingina. Dogon kwalin komik yana cin littafi 250 zuwa 300. Kwali 400 ya kama littafi wajen 110,000 ke nan, kuma da alama dala ɗaya-ɗaya ya yi musu kuɗi. Ka fi kowa sanin yadda suka taru, amma za mu faɗa don iyalinka su gane. Tun shekarun 1970, lokacin da Phil Seuling ya fara tsarin kai komik shaguna kai tsaye, ƙa'idar ita ce shago ya sari kaya da rangwame mai tsoka, kusan rabin farashin da ke bango, amma abin da bai sayu ba ba a mayar da shi sai nadiran. Oda kuwa ana yin ta wajen wata biyu kafin littafi ya fito, a gyara adadi karo na ƙarshe saura mako uku ko huɗu. Littafin dala 4.99 ya zo maka a kan 2.50, ka yi odar 20, ka biya dala 50. Goman farko uwar kuɗi kawai suke mayarwa. In ka sayar da 14, ribarka dala 20 ce kafin a cire dako da haya, ragowar shida kuma su sauka ƙasa. Ga kuma bango na musamman da kamfani ke cewa sai ka yi odar 25 za a ba ka damar sayen ɗaya: in 15 kake buƙata, ka ƙara goma don neman wannan ɗayan, goman nan su ma ƙasa za su. Haka ake yi kowace Laraba, ranar da sababbin komik ke fitowa, tsawon shekaru. Mafi yawan abin da ke cikin kwalayen nan kwantai ne, odar da ta wuce kima, ba ajiya ba ce da aka yi da gangan.

In shagon ya riski shekarun 1990, za ka tarar da kwalaye maƙil da kayan lokacin da jama'a suka yi ta sayen komik suna ɓoyewa, suna jiran ya yi tsada. Fitowa ta 1 ta X-Men ta 1991 an sayar wa shaguna sama da miliyan 8. Labarin mutuwar Superman na 1992 shi ma miliyoyi aka saya aka adana cikin leda. Abin da kowa ya ajiye ba ya tsada. Kasuwar ta rushe, shaguna dubbai suka rufe, kamfanin Marvel kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Disambar 1996. Gaskiya ne an yi gwanjon Action Comics na 1, na 1938, a kan dala miliyan 6 a 2024, amma ƙarancinsa ne ya ba shi wannan kuɗi, kuma irinsa ba ya kwana a kwalin dala ɗaya.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka fitar da rahoto daga na'urar karɓar kuɗi: nawa tsofaffin komik suka kawo a wata 12 da suka wuce? In dala 6,000 ne, to kayan da aka yi wa kuɗi 110,000 za su ci fiye da shekara 18 kafin su mayar da shi, kuma masu kyaun su za su fara fita. Sannan ka zaɓi kwali 20 da kanka, daga ƙuryar baya da na ƙasa da ke taɓa siminti, ba waɗanda za a nuna maka ba. Ka duba rima, ka shinshina warin fumfuna, ka ga ko takarda ta yi ja ko wayar da ta ɗinke tsakiya ta yi tsatsa, domin ɗakin ƙasa a New York ba ya rabuwa da danshi. Ka ciro waɗanda kake jin suna da daraja ka duba farashinsu a eBay, na abin da aka riga aka saya, ba na abin da masu kaya ke nema ba. Masu sarin irin waɗannan kwalaye a dunƙule 'yan senti suke biya kan kowane littafi. Ka kira biyu daga cikinsu su taya a rubuce, ka ajiye takardar gaban maigida. Zai fi yarda da tayin baƙo a kan bakinka.

Kayan cikin shagon ka kasa su uku. Waɗanda suke fita cikin kwana 90, ka biya kuɗin da aka saro su. Waɗanda suka yi wata huɗu zuwa shekara a kanta, rabin kuɗin sari. Waɗanda suka haura shekara, farashin 'yan sari a dunƙule, ko ya kwashe abinsa. Masu tsada na jikin bango da katunan cikin gilashi kuwa, kada ka saye su ko kaɗan a ranar farko. Ku rubuta su ɗaya-ɗaya, su zauna a matsayin nasa, kana sayarwa kana cire kamasho, misali kashi 20 zuwa 30, kana ba shi sauran duk wata. Da haka ba za ku yi gardamar farashi ba, kasuwa ce za ta raba ku. Waɗanda kamfanonin tantancewa na CGC ko PSA suka tantance suka rufe, ka duba lambar kowanne a shafin kamfanin, domin har marufin ana yin na jabu. Kuma ranar da za a miƙa makulli a sake ƙirga kaya, ku biyu, a rufe shago a yi. Tsakanin ranar da aka daidaita da ranar miƙawa kaya masu kyau sukan ragu ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba, an dai ci gaba da sayarwa an daina sarowa.

Takardun da za ka nema: na harajin shagon na shekara uku, bayanan banki na wata 24, rahoton ciniki wata-wata an rarraba shi kashi-kashi, takardun harajin saye da sayarwa da aka kai wa jiha, yarjejeniyar haya, da lissafin kowane dila. A gwada su da juna. In ya ce ai akwai cinikin tsabar kuɗi da ba ya shiga takarda, ka ce masa cikin ladabi abin da ke rubuce kaɗai za ka iya saya.

Bashin da ba ya bayyana shi ya fi kayar da sabon mai shago, kuma a wannan sana'a yana da kafofi da yawa. Na farko kuɗin da shago ke rubuta wa kwastoma idan ya kawo katunansa, a ce ya ci kaya da shi daga baya. Wannan bashi ne a kanka, domin gobe mutum zai zo ya ɗauki kayan dala 300 bai ba ka ko sisi ba, kuma ba ka isa ka hana shi ba in kana son ya dawo. Haka katin kyauta da aka sayar ba a kashe ba, da kuɗin da mutane suka biya tun kafin kaya su iso. A tara jimillarsu a cire daga farashi. Sai akwatunan masu rajista, waɗanda ake ware wa littattafansu kowane mako. Maigida zai ce yana da mutum 200. Ka ƙirga waɗanda suka zo suka karɓa cikin kwana 45, su ne naka. Wanda ya bar kaya wata uku a akwati asara ce da ba a rubuta ba tukuna.

Akwai kuma bashin hukuma. Shaguna da yawa sun karɓi rancen gwamnati na EIDL lokacin korona, na shekara 30, kuma duk wanda ya haura dala 25,000 kayan shagon ne jinginarsa. Lauya zai bincika maka rajistar UCC ta jiha, inda ake rubuta jinginar kaya, ya ga ko wani yana da haƙƙi a kan kayan. Jihar New York kuma tana iya bin mai saye harajin ciniki da tsohon mai shago bai biya ba. Kariyarka ita ce takardar AU-196.10, wadda ake aika wa hukumar haraji aƙalla kwana 10 kafin ka biya ko ka karɓi kaya. Saboda irin waɗannan ne muke cewa ka buɗe naka sabon kamfanin LLC, wato mai iyakantaccen alhaki, ka sayi kaya da suna da jerin kwastomomi, kada ka sayi tsohon kamfanin da tarihinsa.

Sai dai sabon kamfani yana da nasa tarkon, kuma nan muke so ka fi natsuwa. Daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa 2020, kusan duk komik ta hannun dila ɗaya, kamfanin Diamond, yake zuwa. Sai manyan masu buga komik suka koma wasu diloli: DC ta bar su a 2020, Marvel ta koma Penguin Random House a Oktobar 2021, Image ta koma Lunar a 2023, Diamond kuma ta shiga kotu saboda bashi a Janairun 2025. Yanzu asusu da yawa shago ke riƙewa, kowanne da ranar odarsa da kuɗin dakonsa da sharaɗin biyansa. Tsohon shago yana iya samun kwana 30 kafin ya biya, sabo kuwa a ce ya biya kafin a loda. Wannan kaɗai yana iya cinye dubban daloli a watan farko. A ɓangaren kati abin ya fi tsanani. Idan sabon Pokémon ya yi ƙaranci, diloli irin su GTS da ACD da Southern Hobby sukan raba shi ne gwargwadon tarihin sarin kowane shago. In aka ɗauke ka a matsayin sabon shiga, inda ake ba maigida kwali 30 kai sai a ba ka uku. Haka matsayin shagon a Wizards Play Network, tsarin shagunan da ke da rajista da kamfanin da ke yin Magic, wanda da shi ake samun kayan gasar Magic ta mako guda kafin sabon kaya ya fito, da katunan kyauta. Ka kira wakilin kowannensu, tare da maigida, ka tambaya ko tarihi da rangwame za su biyo ka, ka nemi amsar a imel. Wakilan nan muryarka suka sani shekara da shekaru, wannan zai taimake ka. In amsar ta zo a'a, farashin shagon ya sauka.

Haya kuwa ita ke yanke hukunci kafin komai. In saura shekara ɗaya ko biyu a yarjejeniyar, ba shago kake saya ba, kaya kake saya da za ka nema wa wuri. Ka nemi sabuwar yarjejeniya ta shekara biyar da damar ƙarin biyar, a rubuta ƙarin kowace shekara, a fayyace wa ke biyan harajin gini da gyaran na'urar ɗumama ɗaki da ta sanyaya shi. Mai gini zai so ka tsaya wa hayar da kanka, ma'ana in shago ya faɗi ya bi ka har gida. A New York akwai sharaɗin da suke kira Good Guy: in ka ba da sanarwa a kan lokaci, ka biya har ranar fita, ka miƙa makulli, alhakinka na kai ya ƙare. Kada ka sa hannu ba tare da shi ba.

Ga lissafin da za ka yi, da adadin misali har ka samu na gaskiya. A ce shagon yana cinikin dala 600,000 a shekara, bayan kuɗin sari a samu 240,000. Haya 72,000, albashi 70,000 har da naka, wuta da inshora da kuɗin na'urar kati da sauransu 38,000. Ya rage 60,000, shi ne na maigida. In ka zama mai shi, ka haɗa da albashinka, 102,000. Amma kai da maigida ne ke riƙe da aikin, yanzu saura kai, dole ka ɗauki wani. Mafi ƙarancin albashi a birnin dala 16.50 ne a awa a 2025, cikakken ma'aikaci zai ci wajen 35,000. Saura 67,000. In ka ba da 35,000 ɗinka kafin alƙalami, ragowar 145,000 a shekara biyar ya kama 29,000 duk shekara. Abin da zai zo hannunka 38,000 ne, ƙasa da albashinka na yanzu, kafin harajin mai aikin kansa na kashi 15.3 da inshorar lafiyar iyali, kuma ba ka da ko dala ɗaya ta juyawa. A irin wannan lissafi amsar ita ce albarka. In farashi ya sauko 100,000, aka shimfiɗa biya shekara bakwai, magana ta sauya. Ƙananan shagunan sayar da kaya galibi ba sa wuce ninki biyu zuwa uku na abin da mai shi ke samu a shekara, kuma wanda ya dogara da mutum ɗaya yana ƙasan wannan ma'auni.

Ka duba kuma daga ina ribar take zuwa. Sabon komik yana kawo mutane duk mako amma ribarsa siririya ce. Kwalin kati a rufe kowa ya san farashinsa a intanet, ba ka da wurin ƙari sai lokacin ƙaranci. Katin da ka saya ɗai-ɗai daga hannun mutane a kan rabin farashin kasuwa ko sama kaɗan shi ya fi tsoka, kuma shi ya fi buƙatar ido irin naka, amma in ka sayar ta kasuwannin intanet irin su TCGplayer ko eBay za a cire sama da kashi 10. Ka yi hattara da shekarun da suka fita daban. A 2020 da 2021 Pokémon ya yi tashin da har babban kamfanin shaguna na Target ya dakatar da sayar da shi a shagunansa a Mayun 2021 saboda rigimar masu saye. Shagon da aka yi wa kuɗi da shekarar tashi, kai za ka biya bashinsa a shekarar sauka. Wasannin tebur kuma mafi yawansu a China ake ƙera su, harajin shigo da kaya na 2025 ya taɓa farashinsu. In kashi ɗaya ya haura rabin ciniki, ka sake lissafin kana ɗauka ya ragu da sulusi, ka ga ko haya za ta biyu.

Kan biya: kada ka ba da fiye da dala 15,000 a farko. Sauran ka riƙe na haya da albashi da odar wata biyu, domin shagon da ya kasa biyan dila mako biyu an daina aiko masa kaya, ranar Laraba kanta ta zama wayam, masu rajista su koma wani wuri. Rancen SBA, hukumar gwamnati mai tallafa wa ƙananan sana'o'i, da banki zai nuna maka yana da kuɗin ruwa. In kana gudunsa, hanya mafi tsabta ita ce maigida ya sayar maka bashi a kan farashi ɗaya tsayayye, a raba shi wata-wata, ba ƙari in an yi jinkiri. Sayarwa da jinkirin biya a kan farashin da aka yanke tun farko jumhurin malamai sun halatta ta. Akantansa zai ce hukumar haraji ta IRS za ta ɗauki wani ɓangare a matsayin ruwa wajen lissafin haraji ko da ba ku rubuta ba. Wannan lamarin harajinsa ne, ku bar wa akanta da lauya su tsara. A sa a takarda cewa zai zauna wata uku yana miƙa maka asusu da mai gini, ba zai buɗe irin shagon a kusa ba, kuma in bashin ɓoye ya bayyana za a cire daga abin da kake biyansa. Wata hanyar da muka fi so ma: ka karɓi ragamar shagon shekara ɗaya a matsayin manaja, da kaso a riba da damar ganin littafin kuɗi, farashin saye a rubuce yana jira. Shekara 19 ka ga kanta, ba ka ga banki ba, kuma shekara ɗayan nan za ta nuna maka abin da takarda ba za ta nuna ba. Ƙungiyar SCORE da cibiyoyin SBDC, masu ba ƙananan 'yan kasuwa shawara, suna duba irin wannan lissafi kyauta, amma lauya naka na kanka dole ne, ba na maigida ba.

Maganar caca kada ka share ta don ta zo da gori. Ma'aikaci da mai shago ba ɗaya ba ne, gobe kai za ka yanke abin da ake yi a wurin. Ka je wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki, ka kwatanta masa abubuwa daki-daki, kada ka ce masa "kati" kawai ya ɗauka karta ce. Ka gaya masa yadda ƙunshin kati a rufe yake, mai saye bai san abin da ke ciki ba. Ka gaya masa yadda gasa take, kowa ya biya kuɗin shiga a ba wanda ya yi nasara kyauta. A ganinmu waɗanda suka fi kusa da caca su ne ƙuri'ar cin kaya, da akwatin sa'a, da buɗe ƙunshi kai tsaye a intanet bayan mutane sun sayi gurbi, kuma shago yana rayuwa ba tare da su ba. Gasa ma ana iya gyara ta: a karɓi kuɗin zama a tebur daidai wa daida, kowa ya samu kaya na kuɗinsa, kyautar nasara ta fito daga shago ko daga katunan da kamfani ke bayarwa. Ka yi wannan tambaya kafin ciniki, domin in hukuncin da ka gamsu da shi ya cire wani kashi na kaya, lissafin riba ya sauya. Ka tanadi kuma wanda zai riƙe gasar daren Juma'a a watan azumi.

Ko ka saya ko ba ka saya ba, a makon nan ka buɗe asusunka a shafin Social Security, hukumar fansho ta gwamnati, ka duba ko shekarun nan 19 duk an rubuta su. Ana buƙatar maki 40, wato aikin shekara 10, kafin a cancanci fansho, kuma da shekaru 35 mafi albashi ake lissafa shi. Duk shekarar da aka biya ka a hannu ba a rubuta ba sifili ce a wurinsu. Cikakken fansho ga mai shekarunka sai 67, kana da shekara 21 a gaba. Kada ka maimaita abin da ya sami maigidanka, wanda ya wayi gari tsufansa yana cikin kwalaye. Ko dala 200 ce a wata, ka riƙa ware ta waje da shagon.

Ba mu yarda ba ka iya wani aiki ba. Mutumin da yake hasashen abin da zai sayu wata biyu kafin ya fito, yake gane jabun kati da hasken fitila da taɓawa, yake sa wa tarin kaya kuɗi cikin awa ɗaya, yake tafiyar da gasar mutum 40 ba rigima, yana da sana'ar da diloli da kamfanonin tantancewa da gidajen gwanjo da manyan masu sayarwa a intanet ke ɗaukar mutane dominta. Ka rubuta ta da adadi: odar dala nawa kake yi a wata, asusu nawa kake riƙe, gasa nawa a shekara. Ka aika wa wurare uku cikin kwana 60 ɗin nan. Mai tayin aiki a aljihu ba ya saye don tsoro. Akwai kuma hanya ta tsakiya, ka fara sayen kati da komik masu daraja da dala 5,000 kana sayarwa ta intanet da wuraren baje koli, ba haya ba albashi. In za ka fara tun kana aiki a shagon, ka sanar da maigida, kada ka sayi kaya daga kwastomominsa a bayan idonsa.

'Yan'uwa da ke gida ba su ga shagon ba, sunan kayan kawai suka ji. Aikin da ya ciyar da iyali shekara 19 da halal, har aka tara dala 35,000 a birni mai tsada irin New York, ba abin sunkuyar da kai ba ne. Wadda ra'ayinta ya zama dole ita ce uwargida, domin kuɗin ginin nata ne ita ma, kuma ita za ta ji a jikinta in ka koma aikin kwana shida ko bakwai a mako. Ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin nan da adadin gaskiya. Ku yanke tare iyakar abin da za ku iya rasawa ba tare da gida ya girgiza ba, ku rubuta shi, kada ka wuce shi ko da ciniki ya yi daɗi. Ka yi istihara, sannan ka kai wa maigida jerin takardun a rubuce. In ya kawo su cikin mako biyu, ku ci gaba da magana. In ya yi ta ja, ko ya ce ai tsakaninku ba sai da takarda ba, ka bar kuɗinka inda suke ka mayar da hankali kan wuraren aiki ukun nan.